Baba Kusurwa da Motar da Ta Ƙware

Kafin sauran bakanikai su iso layin gareji, Baba Kusurwa ya riga ya ɗaga ƙofar rumfarsa, ya yayyafa ruwa ya share. Rumfar ita ce ta ƙarshe a layin, bayan ta mai walda, daidai inda kwalta ta ƙare ciyawa ta fara. Yakan shimfiɗa wani tsohon tawul a kan tebur ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya zauna a kan kujerar wata motar da ta mutu tun ba a haifi yawancinmu ba. Ba ya kunna rediyo. Ya ce kunnensa kayan aiki ne, ba ya ara wa kowa. Yana nan zaune yana sauraron titi, kafin mota ta shawo kwana ya riga ya san ko tasa ce.

Nasa motocin ba su da yawa. Irin na tseren nan ne masu rarrafe da ciki, waɗanda in ka shiga sai ka ji kamar a ƙasa ka zauna, kuma duk na hannu ne, sun ga iyayen gida biyu ko uku kafin su iso mana. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana hidimarsu. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, don gwiwoyinsa sun ce sun gaji. Ba wanda zai kafa rumfar taro dominsa, ba wanda zai rataya masa lamba a wuya. To, ga tamu jinjinar, ko da ba ta kai ba.

Sunan ya samo shi ne tun yana saurayi. Wata rana aka jawo irin motar nan garejin da yake koyon aiki. Maigidansa ya kwance injin, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ɗago kai ya ce, "Jama'a, an sace fistin!" Aka yi ta dariya, aka tura motar bayan gareji kaji suka mai da ita gida. Shi kaɗai abin ya tsaya wa a rai. Wata uku yana zagayawa can lokacin da sauran suke hutun rana, yana kwancewa yana mayarwa, har ya gane cewa ba a saci komai ba, haka aka ƙera ta. A maimakon fistin mai hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake wulwulawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. A bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke goge bangon gidan yana riƙe iska. Shi Baba farce yake ce masa, kuma a farcen nan ran injin yake. Ranar da ya tayar da motar, kaji suka watse, sunan ya zauna.

Daga nan ya zama shi kaɗai ne a garin ya san halinta, halin nata kuwa duk a baibai yake. Kowace mota in ta fara shan baƙin mai, alama ce ta kusa mutuwa. Ita wannan da gangan take kurɓarsa kaɗan-kaɗan don ta shafe farcenta. Mai walda ya sha ba da labarin wani matashin malamin asibiti da ya zo yana murna, wai wani bakanike ya gano masa inda man yake bi, ya ɗaure bututun da waya. Baba bai bari ya rufe baki ba, ya zura hannu ta taga ya kashe motar. "Ka ɗaure wa mai ƙishirwa maƙogwaro kana cewa ka warkar da shi?" Ya kwance wayar a take, ya ba shi ita ya ce ya ajiye don tunawa. Motar tana yawo har yau.

Kai ne, Baba, ka tsaya a kan abin da kowa ya yi wa dariya ya wuce. Kai ne ka ƙi cewa "ba ya gyaruwa" don kawai ba a taɓa nuna maka ba. Da ka so, da ka bi tasi da bas kamar kowa, layi ya cika ƙofarka tun safe. Sai ka zaɓi motocin da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ka zauna da su shekara da shekaru.

Amma in ana zancen aikinsa, labarin Malama ake fara kawowa.

Ranar da ta yi sallama a rumfarsa, da jakarta a hammata da laima a hannu, Baba ya ɗauka ɓatan hanya ta yi. Shekara talatin da biyar ta yi tana shugabantar makaranta kafin ta yi ritaya, rabin garin nan ta hannunta suka bi, har da waɗanda ba su jira ta gama da su ba suka haura katanga, irin mai wannan rubutu. Tana shigowa layin, ƙattin bakanikai suka miƙe tsaye ba su sani ba. Mai walda ya ɓoye sigarinsa a bayansa har ya ƙone yatsa.

"Kai ne mai kusurwa ukun?" in ji ta.

"Haka suke cewa, Malama. Jika ne zai saya?"

"Kakar ce."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce wata rana, shekaru da yawa baya, irin motar nan ta wuce ta ƙofar makaranta tana cikin duba jarrabawa, kukan ya shiga kunnenta bai fita ba. Duk rayuwarta wata tsohuwar mota ta tuƙa, mai ɗaukar yara da littattafai da kwalayen alli. Maigidanta ya rasu, yara sun kama gabansu. "Ban taɓa sayen abu don kawai ina son shi ba, Malam. Yanzu zan saya. An ce in ba da kai na je ba, za a cuce ni."

Washegari suka je filin dillali. Guda biyu ke nan: wata baƙa mai sheƙi kamar an lashe ta, da wata ja wadda rana ta ci fentin rufinta. Dillalin ya zagaya da Malama wajen baƙar, ya murɗa makulli, ta tashi nan take. Ya buɗe hannu yana washe baki.

Baba ya ɗora tafin hannu a bonet. "Da sanyi kowace tana tashi. Mu ɗan zaga da ita."

Suka zaga har ta yi zafi, suka dawo ya kashe ta, ya ce kowa ya nemi inuwa. Da aka yi kamar kwatan awa, ya ce wa dillalin, "Bisimilla." Baƙar ta yi ta gurnani, ta yi ta gurnani, ta ƙi. Farcenta ya cinye. In ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, iska sai ta zurare, shi ya sa dillalan irin wannan mota suke son mai saye ya zo da sassafe. Aka yi wa jar haka nan, ita kuwa makulli bai gama juyawa ba ta amsa.

"Baba, kai dai ba ka son mutum ya ci abinci," in ji dillalin.

"Ci naka, ɗana. Na Malama ne ban yarda ba."

Kafin ta tafi da ita gida ya ba ta doka uku: ta riƙa duba baƙin mai tana ƙarawa, kada ta kashe ta sai ta yi zafi, kuma kullum ta buɗe mata wuta a babban titi har allurar gudun inji ta hau sama. Malama ta rubuta su da jan biro a littafinta. Abin da bai yi ba shi ne faɗa mata dalili. Ya saba da samari masu karɓar doka ta uku da hannu biyu, bai yi tunanin akwai wanda sai an roƙe shi ya yi gudu ba.

A gida kuwa rigima ce ta tarye ta. Babban ɗanta, wanda ita ba ta kiran sunansa sai dai ta ce Yayansu, ma'aikacin kamfanin inshora ne, mutum mai taka-tsantsan da ko kujera sai ya girgiza kafin ya zauna. Ya daɗe yana so ta daina tuƙi ya kawo mata direba. Da ya ga jar motar a tsakar gida, da ƙofofinta na baya masu buɗewa ta baibai, sai da ya dafa bango. Aka yi ta ja-in-ja, ƙannensa suna goya masa baya ta waya, har aka tsaya a kan sharaɗi: ranar da motar nan ta tsaya mata a hanya, za ta miƙa masa makulli, ta koma kujerar baya har ƙarshen rayuwarta. Malama ta amsa a gaban kowa, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta janye magana.

Sharaɗin nan ne ya jawo matsalar. Don tsoron kada motar ta ba ta kunya, sai ta shiga lallaɓa ta. Dokar baƙin mai ta riƙe ta kam. Sauran biyun kuwa ta ɗauka zancen bakanikai ne masu son kaya ya lalace su samu aiki. Wata huɗu tana tafe da motar tsere kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, masu keke suna wuce ta suna waiwaye.

Wata safiya wayarta ta sami Baba yana jera sifanu. Muryar Malama ce, amma ba wadda take tsayar da yara ɗari biyar a layi ba.

"Malam, ta ƙi tashi."

"Ina take?"

"Rabinta a gida, rabinta a titi."

"Me kika yi mata yau?"

"Ban yi mata komai ba sai alheri."

Alherin kuwa shi ne: ta fito da ita don a wanke, ta kashe. Rana ta taso, ta matsar da ita inuwa, ta kashe. Maƙwabci zai fita, ta ɗan gusa masa, ta kashe. A karo na huɗu motar ta ce ita ma ta gaji. Ga shi a ranar tsohuwar makarantarta ta gayyace ta raba wa ɗalibai kyaututtuka, Yayansu kuma yana hanya zai raka ta.

Baba ya zura sifanar filogi a aljihu, ya ɗauki 'yar kwalbar baƙin mai da tsumma, ya tari babur. Ko da ya isa, unguwa ta taru. Wata bas ta tsaya tana ta hon don hancin jar motar ya tare rabin hanya. Bakaniken unguwar, wanda ake kira Mai Guduma saboda da ita yake fara gaisawa da kowace mota, ya riga ya yanke hukunci: "Injin ya buga, Hajiya. A cire shi a sa miki na tasi ki huta." Can gefe kuma ga Yayansu tsaye cikin kayan ofis, ya riga Baba isowa.

"Sannu da zuwa, Baba, amma an ba ka wahalar banza," in ji shi. "Magana ta ƙare. Umma, makullin."

"A hanya muka ce. Nan ƙofar gidana ce."

"Umma, tayoyin gaba a kan kwalta suke."

"Na baya suna gidana."

Mutane suka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta dunƙule makullin a hannu har jijiyoyi suka fito. Baba ya lura da hannun nan. Ya zagaya baya, ya sunkuya ya shinshina bututun hayaƙi.

"Ƙwarewa ta yi," in ji shi.

"A me ta ƙware, Baba?" in ji Yayansu. "A tsayawa?"

"Ƙwarewar mai shan ruwa, yallaɓai. Sau uku aka ɗura mata fetur ba a bari ta haɗiye ba."

A nan, a tsakiyar titi, ya yi bayanin da ya kamata ya yi tun ranar saye. Injin nan in yana da sanyi fetur mai yawa yake ja. In aka kashe shi kafin ya ƙone shi, sai fetur ɗin ya kwanta a ciki, ya jiƙa filogi, ya wanke man da ke jikin farce. In kuma kullum a hankali ake tafiya da shi, sai baƙin toka ya taru ya liƙe farcen. Ya juya wajen Malama.

"Malama, ba ke ce kike sa yaran mutane zagaye fili sau biyar kafin su shiga aji ba?"

"Don jininsu ya motsa."

"Yaran mutane kin sa su gudu, taki kin zaunar da ita a inuwa wata huɗu?"

Wani daga cikin taron, da alama ya sha zagayen filin nan, ya ce, "Allah Ya saka mana, Baba!" Wannan karon har Malama sai da bakinta ya motsa.

Filogin motar nan huɗu ne, kuma a ƙasa suke, sai an murɗa sitiyari har ƙarshe an zura hannu ta bayan taya. Baba ya shimfiɗa tsumma a kwalta ya durƙusa a kan gwiwoyin nan da suka daɗe suna yi masa ƙorafi. Waɗanda suke kusa sun ji ƙarar da suka yi. Ɗaya bayan ɗaya ya zaro filogin, kowanne sharkaf, ya goge ya jera a rana. Ya sa aka murɗa injin babu filogi, fetur ya yi ta fesowa kamar mai atishawa. Ya ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ya mayar da komai. Sai dai batir ya riga ya galabaita, saboda murɗar da aka yi ta yi tun safe. Ya dubi motar Yayansu.

"Yallaɓai, matso da taka a ja wuta."

"Wato ni zan ba da wutar da za a kayar da ni?"

"Ba motar za ka ba wa ba. Mahaifiyarka za ka ba wa."

Yayansu ya yi tsaye kaɗan, sannan ya je ya matso da motarsa, ya buɗe bonet da kansa.

Kowa ya zaci Baba ne zai shiga ya tayar. Sai ya buɗe ƙofa ya ce Malama ta zauna. "Gobe ba na nan. Ke za ki yi. Taka totur har ƙasa, kada ki ɗaga, sannan ki murɗa."

"Kai, tsoho!" in ji Mai Guduma. "Mota ta sha fetur ta ƙoshi, ka ce a ƙara taka mata?"

"A taka. Wannan in an danne totur har ƙasa ana murɗawa, rufe fetur take yi. Ba duka ne ake gyarawa da guduma ba."

Malama ta taka, ta murɗa. Injin ya yi ta juyawa fayau, babu alamar rai. Baba ya ɗaga hannu ta saki, aka jira. Karo na biyu haka. A na uku ya sa kunne dab da bonet, idonsa a rufe, can sai ya ce, "Ɗaga ƙafa!" Motar ta yi tari sau ɗaya, ta yi na biyu, ta girgiza kamar za ta sake mutuwa, sannan ta kece da kuka. Farin hayaƙi ya turnuƙe layin har ba ka ganin na kusa da kai. Mai Guduma ne ya fara arcewa. Wata maƙwabciya ta fito da bokitin ruwa tana salati, direban bas kuwa ya danna hon yana ihu, wannan karon na murna.

Da hayaƙin ya lafa, Yayansu yana nan inda yake, fuskarsa ba walwala.

"Na gani, Baba, kuma na gode. Amma yau kana kusa. Gobe fa, in a bayan gari ne?" Ya juya ga mahaifiyarsa, muryarsa ta yi ƙasa. "Umma, kullum a teburina hotunan motoci ne da suka tsaya a gefen hanya babbar mota ta bi ta kansu. Na rasa Abba. Ba zan iya zama ina jiran waya ba."

Baba bai yi masa gardama ba, don ya ga ba iko yaron yake nema ba, tsoro ne yake cinsa.

"Gaskiyarka, ɗana. Laifin kuma nawa ne, na ba ta doka ban ba ta dalili ba, ita kuwa malama ce. Ga abin da za a yi. Mu shiga mu uku, ita za ta ja. Mu fita bayan gari ta ba ta wuta, sannan ta kashe ta inda ba gida ba rumfa. In an jima ta murɗa. In ba ta tashi ba, ni da hannuna zan karɓi makullin in ba ka."

Malama ta dube shi da irin kallon da take yi wa yaron da ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Shi kansa Baba, kamar yadda ya faɗa daga baya, ba shi da tabbas. Wata huɗu na toka ba wasa ba ne, kuma bai san abin da fetur ɗin safiyar nan ya yi wa farcen ba. Amma ya san in ba a yi haka ba, kullum ta fita ɗanta ba zai iya haɗiye ruwa ba.

"Ku shiga," in ji Malama.

Baba ya lanƙwashe a kujerar baya, gwiwa a haɓa. Yayansu ya zauna gaba ya ɗaura bel ya ƙara jan shi. Suka bar gari, titi ya miƙe ya buɗe, babu kowa.

"Ƙara mata, Malama. Kada ki canza giya tukuna."

Ta ƙara. Kukan injin ya tashi daga gurnani ya koma wani siririn sauti, sumul, kamar ana yage sabon yadi.

"Ƙara."

"Malam, za ta fashe!"

"Yanzu ta fara numfashi. Ƙara!"

Allura ta hau, ta wuce inda allurar kowace mota take tsayawa, ta ci gaba da hawa. Ta madubi Baba ya ga wani baƙin hayaƙi ya fita sau ɗaya, bayansa iska ta koma garau. Sai wata 'yar ƙararrawa ta yi ƙara a gaban sitiyari, alamar an kai ƙarshe. "Yanzu canza!" Ta canza, motar ta yi tsalle gaba, sai ga Malama, wadda garin nan bai taɓa ganin haƙoranta ba, tana ƙyalƙyala dariya kamar 'yar aji uku. Yayansu ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana karanto duk addu'ar da ya sani.

Ƙarƙashin wata bishiya, inda ba ka hango komai sai gonaki, Baba ya ce ta sauka daga kwalta sosai ta kashe. Ba abin da ake ji sai ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Yayansu yana duban agogo. Malama ta ɗora hannu biyu a cinya tana kallon gaba. Baba ya goge tabarau, ya mayar, ya sake cirewa ya goge. Bai taɓa jin kwata mai tsawon wannan ba.

"Lokaci ya yi," in ji Yayansu.

Malama ta yi bisimilla ta kai hannu. Ba ta gama murɗawa ba injin ya amsa, lafiyayye, kamar ba shi ne ya tara unguwa da safe ba.

Yayansu ya daɗe yana kallon allurar nan da ta tsaya cak ba ta rawa. Sannan ya share fuska da tafin hannu, ya gyara zama.

"Umma, za mu makara."

"To riƙe da kyau," in ji ta.

Ɗaliban da suka ga shigowarta makarantar ranar nan har yanzu ba su gama ba da labari ba. Shekara biyu ke nan, jar motar ba ta sake ƙin tashi ba, a hanya ko a ƙofar gida. Malama da kanta take zaro ma'aunin mai ta goge ta duba, kuma ba a sake jin zancen direba a gidan ba.

Shi ma Baba ya canza daga ranar. Ba ya ƙara ba da doka sai da dalilinta. Da ya yanke shawarar ajiye aiki, sai ya riƙa tara masu motocin nan kowace Asabar, likita da ɗan kasuwa da Malama da sauransu, ya sa kowa ya durƙusa ya cire filoginsa ya mayar, shi yana zaune yana gyara musu. Har Mai Guduma ya zo, ya tsaya daga baya, aka matsa masa wuri. A makon jiya kuma mai walda ya ga wani cikin kayan ofis ya shigo layin yana waige-waige. Yayansu ne. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya rage murya.

"Baba, in da za a samu shuɗiya mai lafiya... amma don Allah kada Umma ta ji."

"Ni na ajiye, ɗana," in ji Baba. "In ka samu, ka tafi da Malama ta duba maka. Ta fi dillalan nan sani."

Kai ne, Baba Kusurwa, mai kunnen da ba ya ƙarya. Kai ne ka durƙusa a kwalta da gwiwar da ba ta da lafiya don kada wata baiwar Allah ta koma kujerar baya tun da sauran ƙarfinta. Kai ne ka amsa laifinka a gaban unguwa guda ba wanda ya tilasta ka, kuma da za ka tafi ba ka tafi da saninka a aljihu ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya sa ka daɗe kana jin kukansu suna wucewa.

Ku kuma masu sana'a, manya da masu tasowa, ga abin koyi a ƙarshen layinku. In an kawo muku abin da ba ku sani ba, kada ku ce ya mutu, ku zauna ku koye shi. In kun koya, ku faɗa wa mai kaya dalili, ku bar shi ya iya tsayawa da ƙafarsa ko ba kwa nan.

Je ka huta, Baba. Makullin kowa yana hannunsa.